An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Rikicin Wa Za A Sa A Fili A Jami'ar Florida State

A Amurka, da zarar ƙungiyar ƙwallon wata jami'a ta fara shan kashi a jere, abu na farko da magoya bayanta ke nema shi ne a sauya ɗan wasan da ke jagorantar hari. Ba sa jiran kakar wasa ta yi nisa. Wasa biyu ko uku sun isa a fara kiran sunan wanda ke zaune a benci, a filin wasa da gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, kamar shi kaɗai ke riƙe da maganin ciwon.

Babu inda wannan ɗabi'a ta fito fili a 'yan shekarun nan kamar Jami'ar Florida State da ke birnin Tallahassee, a kakar 2024. Ƙungiyar da ta ci wasa 13 a jere a 2023 ta dawo ta ci 2 kacal, ta sha kashi a 10. Magoya baya sun nemi a sauya jagoran harin. Rauni ya sa aka sauya shi, daga baya aka sauya wanda ya gaje shi, amma duk da haka ba ta sauya zani ba.

Magoya baya na da 'yancin yin ƙorafi, kuma ƙorafinsu na da tushe. Sai dai sun auna shi inda bai dace ba. Cece-kucen wa za a sa, wa za a cire, ya ba manyan da suka gina ƙungiyar, masu karɓar miliyoyin daloli, damar fakewa a bayan matasan da ke cikin fili.

Yadda wasan yake

Wasan da ake magana a kai shi ne zari-rugar Amurka, wadda su Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa duk da cewa da hannu aka fi yin ta. Kowane ɓangare na sa mutum 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo na da dama huɗu su matsa gaba da yadi 10. Idan suka kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya samu 3.

Ɗan wasan da kusan kowane hari ke farawa daga hannunsa shi ake kira kwatabak, wato madugun hari. Shi ke karɓar ƙwallo, ya yanke shawarar jefa ta ga masu cafewa, ko miƙa ta ga masu gudu, ko ya ruga da ita da kansa. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne su zame masa katanga, su kuma buɗe wa masu gudu hanya. Idan katangar nan ta rushe, komai gwanintar madugu, kafin ya ɗaga kai an kai shi ƙasa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe. A wannan wasa, masu kai hari daban, masu tsaron gida daban. Duk lokacin da ƙwallo ke hannun abokan karawa, madugu na gefen fili yana kallo kamar kowa. Ke nan kusan rabin wasan ba shi da hannu a ciki.

Wasannin jami'o'i kuwa ba wasan yara ba ne a can. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da dubu 100, gidajen talabijin na biyan biliyoyin daloli don nuna wasannin, sannan kakar wasa 12 ce kawai kafin a shiga zagayen fitar da zakara. Shan kashi sau biyu a watan farko na iya rufe wa ƙungiya ƙofar kambu. Wannan ne ya sa haƙurin magoya baya ba shi da tsawo.

Daga ƙololuwa zuwa rami

Florida State tsohuwar hannu ce. Ta zama zakarar ƙasa a 1993 da 1999 da 2013. Bayan wasu shekaru na koma-baya, koci Mike Norvell, wanda aka ɗauko daga Jami'ar Memphis a ƙarshen 2019, ya farfaɗo da ita. Ta ci wasa 10 a 2022, sannan ta ci 13 a jere a 2023, ta ɗauki kofin rukuninta na ACC.

Ana tsaka da wannan nasara ne madugunta Jordan Travis ya samu karaya a ƙafa, a ranar 18 ga Nuwamba, 2023. Ƙungiyar ta daure ta ci sauran wasanninta biyu ba tare da shi ba. Amma a ranar 3 ga Disamba, kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu da za su fafata neman kambun ƙasa ya tsallake ta, bisa hujjar cewa ba ita ce ƙungiyar da aka sani ba tun da ta rasa Travis. Ba a taɓa yi wa zakarar wani babban rukuni da ba a doke ta ba irin wannan ba.

Wannan hukunci ya bar tabo biyu. Na farko, manyan 'yan wasa da dama sun ƙi buga wasan ƙarshe na Orange Bowl, inda Georgia ta lallasa ragowar da ci 63 da 3. Na biyu, ya cusa wa magoya baya tunanin cewa madugu shi ne ƙungiya, sauran 'yan rakiya ne. Da wannan tunani suka shiga kakar 2024.

Don cike gurbin Travis, Norvell ya ɗauko DJ Uiagalelei, wanda ya yi shekara uku a Clemson da shekara ɗaya a Oregon State. An fara kakar ana lissafa ƙungiyar a matsayi na 10 a faɗin ƙasar. Wasan farko a birnin Dublin na ƙasar Ireland, ranar 24 ga Agusta, Georgia Tech ta doke ta da ci 24 da 21 da bugun ƙarshe. Bayan kwana tara, Boston College ta bi ta har gida ta doke ta 28 da 13.

A wannan dare na 2 ga Satumba ne 'yan kallo suka ɗauki ihu suna cewa Brock suke so. Suna nufin Brock Glenn, matashin da ke zaman jiran gado a benci.

Abin da alƙaluma suka nuna

Norvell bai saurare su ba. Ya bar Uiagalelei a fili, Memphis ta zo ta ci su 20 da 12, suka sha da ƙyar a hannun California da ci 14 da 9, sannan SMU ta casa su 42 da 16. A wannan wasa na biyar ne Uiagalelei ya ji rauni a yatsan hannun da yake jifa da shi, kuma bai sake buga wa ƙungiyar wasa ba. Abin da ihu bai kawo ba, rauni ya kawo. Glenn ya shiga.

Daga nan ne aka ga amsar tambayar da aka shafe wata guda ana jayayya a kanta. Clemson ta ci su 29 da 13. Duke, wadda ba ta taɓa doke Florida State ba a tarihi, ta ci su 23 da 16. Miami ta ci 36 da 14, North Carolina 35 da 11, Notre Dame 52 da 3. Kafin a kai nan, an fara raba lokacin wasa tsakanin Glenn da wani ɗan shekarar farko mai suna Luke Kromenhoek, domin sabon suna ya riga ya shiga bakin masu neman sauyi. Shi ne ya fara wasanni biyu na ƙarshe. Suka ci Charleston Southern, wadda ke buga ƙaramin aji, da 41 da 7, sai Florida ta rufe musu kaka da 31 da 11.

Lissafin ba shi da wahala. A wasa biyar da Uiagalelei ya jagoranta, ƙungiyar ta tara maki 76, wato kusan 15 a kowane wasa. A wasa shida da ta yi da manyan ƙungiyoyi bayan fitarsa, ta tara 68, wato kusan 11 a kowane wasa. Gaskiya ne cewa wasu daga cikin abokan karawar baya sun fi ƙarfi, tun da Notre Dame ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a wannan kakar. Amma ko an yi musu wannan rangwame, babu wanda zai dubi waɗannan lambobi ya ce benci ne ke ɓoye da mafita. Madugai uku, sakamako ɗaya. Rabon ƙungiyar da kaka mai muni irin wannan tun 1974.

Shi kansa wasan da aka fara ihun a cikinsa ya isa hujja. A daren, masu gudu da ƙwallo na Boston College sun ci yadi 263, na Florida State kuwa 21. Lamba ta farko ta nuna masu tsaron gida sun kasa tare kowa, a lokacin da madugu ke tsaye a gefen fili. Ta biyu ta nuna katangar gaba ta kasa buɗe ko da ƙaramar kafa. Wata biyu bayan haka, 'yan Notre Dame sun kayar da madugan Florida State sau 8 kafin su jefa ƙwallo. Katangar da ta kasa kare babba ita ce ta kasa kare yaran.

Kuma ba a ce magoya baya ba su san Glenn ba. Shi ya jagoranci wasan kofin ACC a Disambar 2023, inda jifa 8 kawai cikin 21 suka isa hannun mutanensa, aka ci wasan 16 da 6 bisa ƙoƙarin masu tsaron gida. Wannan ba aibu ba ne ga yaron da a lokacin bai daɗe da barin sakandare ba. Abin da yake nunawa shi ne, masu ihu ba gwanintar Glenn suke kira ba, gajiya suka yi da wanda ke gabansu.

Hujjar masu neman sauyi

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba da ka suke magana ba. Uiagalelei bai taka rawar gani ba. A wasa biyar, sau 4 kawai jifarsa ta kai ga cin maki 6, sau 6 kuma abokan karawa suka cafe ta. Clemson ma ta taɓa zaunar da shi a ƙarshen 2022 ta sa Cade Klubnik. Mai sayen tikiti da ke ganin ƙwallo na wuce kan masu cafewa ba ya buƙatar takardar shaidar koci kafin ya gane akwai matsala.

Suna kuma da misalan da suke kafa hujja da su. A Satumbar 2021, 'yan kallon Oklahoma sun yi wa Spencer Rattler ihu suna kiran sunan Caleb Williams. Bayan mako biyu, Texas ta sha gabansu da 28 da 7, aka sa Williams, suka farke suka ci 55 da 48. A Janairun 2018, a wasan ƙarshe na ƙasa, koci Nick Saban na Alabama ya cire Jalen Hurts da aka dawo daga hutun rabin lokaci ana binsu 13, ya sa Tua Tagovailoa, suka doke Georgia 26 da 23. A kakar 2018 kuma Clemson ta zaunar da Kelly Bryant bayan wasa huɗu ta sa Trevor Lawrence, ta ƙare da ɗaukar kambun ƙasa.

Duk wannan ya faru. Amma a dubi halin da waɗannan ƙungiyoyi uku ke ciki lokacin da suka yi sauyin. Har zuwa lokacin, ba a doke Oklahoma ba ko sau ɗaya a kakar. Clemson ta ci wasanninta huɗu. Alabama kuwa tana wasan ƙarshe na neman kambu. Gidaje ne da ke tsaye da ginshiƙansu, ƙofa kawai aka sauya. Su kuma waɗanda aka ɗauko daga benci ba gama-gari ba ne. Williams da Lawrence kowannensu shi aka fara zaɓa a shekarar da ya shiga gasar ƙwararru ta NFL, Tagovailoa kuma na biyar.

Ana tuna waɗannan labarai ne saboda sun yi daɗin ƙarshe. Sauye-sauyen da ake yi kowace kaka a ƙungiyoyin da suka riga suka durƙushe, waɗanda ba sa haifar da komai, babu mai kawo su a muhawara.

Florida State ma ba ta buƙatar zuwa nesa neman darasi. A wasan farko na 2021, McKenzie Milton ya shigo daga benci a ƙarshen wasa ya kusa kai su ga doke Notre Dame, aka ba shi ragama a mako na gaba. Sai ƙaramar Jacksonville State ta doke su a gida, suka kuma sha kashi a wasanni huɗu na farko. Wanda aka zaunar don a ba Milton wuri shi ne Jordan Travis, mutumin da bayan shekara biyu aka ce ƙungiyar ba ta da daraja idan babu shi.

Haka labarin yake a wasu wurare. Rattler ya koma South Carolina, ya doke Tennessee da Clemson a jere a Nuwambar 2022. Bo Nix, wanda ya sha suka a Auburn, ya koma Oregon ya haskaka, Denver ta ɗauke shi a matsayi na 12 a 2024. Hurts ya ɗauki kofin Super Bowl da Philadelphia a Fabrairun 2025. Hukuncin da ake yankewa daga kujerar kallo cikin fushi sau da yawa ba ya jure wa shekara biyu.

Inda gizo ke saƙar

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan kakar 2023, ƙungiyoyin NFL sun zaɓi 'yan wasan Florida State guda 10, ciki har da Jared Verse da Braden Fiske daga masu tsaron gida, da Keon Coleman da Johnny Wilson masu cafewa, da Trey Benson mai gudu. Wato madugu ɗaya ne cikin goma da suka tafi, amma gurbinsa kaɗai aka yi ta magana a kai.

Tambayar ita ce, su wa aka tanada su gaje su? Norvell ya gina nasararsa ne a kan ɗauko 'yan wasan da suka riga suka goge a wasu jami'o'i. Tun da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta buɗe ƙofar sauya sheƙa a 2018, ta kuma sassauta dokar zaman jira a 2021, wannan hanya ta zama mai sauƙi. Verse da Fiske da Coleman da Wilson da Benson duk ta nan suka shigo. Dabara ce mai saurin biya, amma caca ce da ake sake bugawa kowace shekara. A 2024 ya sake ɗauko fiye da goma, biyar daga cikinsu daga Alabama, sai dai a wannan karo ƙuri'a ba ta faɗo ba. Da aka waiwaya ga waɗanda aka raina a gida tun daga sakandare, sai aka tarar ba su isa cike giɓin ba.

A kujerar madugu ma haka abin yake. Kakar 2024 ita ce ta biyar ga Norvell. Travis gadonsa ya yi, domin ya zo daga Louisville tun kafin zuwansa. A cikin shekara huɗu, bai raini madugun da zai miƙa wa ragama da kwanciyar hankali ba, shi ya sa ya nemo na haya na shekara ɗaya. Idan Uiagalelei bai dace da salon wasan ba, wanda ya kalli faifan wasanninsa na shekara huɗu ya ce a kawo shi ne ke da amsar bayarwa. Idan Glenn bai nuna ba tukuna, wanda aka ɗora wa alhakin horar da shi ne ke da amsar bayarwa. Ta ko'ina aka biyo, hanya ofis ɗaya take kaiwa.

Wannan ofis kuwa ba na mai ƙaramin albashi ba ne. A Janairun 2024, da Saban ya yi ritaya aka fara raɗe-raɗin Alabama na zawarcin Norvell, jami'ar ta sabunta masa kwantiragi na shekara takwas a kan sama da dala miliyan 10 a shekara. Da al'amura suka dagule, sai aka tarar korarsa za ta ci sama da dala miliyan 60. Ke nan mutumin da ya fi kowa alhaki shi ne ya fi kowa wahalar taɓawa. Kashegarin wasan Notre Dame, ya sallami mataimakansa uku, ciki har da shugabannin ɓangaren hari da na tsaro, alhali shi da kansa ke zaɓen dabarun harin a lokacin wasa.

Mai ɗaki ba ya fi ƙarfin tambaya

Masu kare kociyoyi kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai gaskiya a ciki. Koci na ganin 'yan wasansa a atisaye duk mako, ya san wanda ya haddace dabaru, ya san mai ɓoye rauni, ya san wanda abokan wasa ke saurara. Ɗan kallo awa uku yake gani a ranar Asabar. Akwai kuma lissafin da ba a gani daga kujera. Dokar da aka kafa a 2018 ta ba ɗan wasa damar buga wasa huɗu ba tare da an cire masa shekara daga shekarun da aka ƙayyade masa ba, don haka sa yaro a wasa na biyar na da farashi. Wanda aka zaunar kuma yana iya tattara kayansa, kamar yadda Bryant ya bar Clemson ya koma Missouri.

Jefa yaro a bayan rusasshiyar katanga don a kwantar da hankalin 'yan kallo ma ba alheri ba ne gare shi. Kromenhoek, wanda ake yi wa kallon madugun gobe, ya sha bugu a ƙarshen kakar, sannan ya koma Mississippi State. Ƙungiyar ta rasa yau, ta kuma rasa wanda ta tanada don gobe.

Amma sanin mai ɗaki ba lasisin yin shiru ba ne. Idan koci ya ga abin da jama'a ba su gani ba, ya kamata ya faɗi abin da zai iya faɗa a fili. Ya ce katangarmu ba ta tsaya ba, ni na zaɓo waɗannan mutane, ni na yi kuskuren lissafi. Kocin da ya bar ana ta jayayya a kan yaransa biyu tsawon makonni, ko bai yi niyya ba, ya samu garkuwa a bagas. Muddin ana gardamar Uiagalelei ko Glenn, ba a gardamar Norvell.

Kuɗi sun shigo, amma ba su halatta cin mutunci ba

Wasu na cewa zamanin tausaya wa 'yan wasan jami'a ya wuce, tun da yanzu ana biyansu. Tun daga 1 ga Yuli, 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma a Yulin 2025 aka ba jami'o'i damar raba musu har kimanin dala miliyan 20.5 kai tsaye a shekarar farko. Wanda ya karɓi kuɗi, in ji su, dole ya karɓi suka.

Sukar wasa halas ce, kuma babu mai cewa a tafa wa wanda ya jefa wa abokan gaba ƙwallo. Sai dai akwai tazara tsakanin cewa wane bai yi wasa mai kyau ba da bin sa shafinsa ana zaginsa da iyayensa. Lamarin ya ƙara muni tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi hanyar halatta cacar wasanni a 2018. Yanzu akwai wanda fushinsa ba na kishin makaranta ba ne, na kuɗin da ya yi asara ne. Abin ya kai shugaban NCAA, Charlie Baker, ya nemi jihohi a 2024 su haramta yin caca a kan ƙwazon ɗaiɗaikun 'yan wasan jami'a.

Kuma ko ta fuskar neman nasara aka duba, ihun ba ya biya. A zamanin da kowane ɗan wasa ke iya sauya sheƙa a ƙarshen kaka, matasan da jami'a ke zawarci suna kallon yadda ake yi wa na ciki. Filin da ke yi wa nasa ihu a wasa na biyu yana tallata kansa ne ga waɗanda bai kawo ba tukuna.

Tambayoyin da suka fi amfani

Magoya baya ba 'yan kallo ba ne kawai a wannan harka. Su ke sayen tikiti, su ke ba da gudunmawar da ake gina filaye da biyan 'yan wasa. Wannan ƙarfi ne, kuma ya fi amfani idan aka auna shi sama. Mutum nawa daga cikin ƙartin gaba aka raina a gida? Me ya sa aka ɗaure jami'a da kwantiragin da ba za ta iya kwancewa ba saboda kaka ɗaya mai kyau? Wa ke tantance 'yan wasan da ake sayowa, kuma me ke biyo baya idan ya yi kuskure? Waɗannan tambayoyi na koci ne da daraktan wasanni da hukumar gudanarwar jami'a. Ba su da daɗin rerawa a fili kamar sunan mutum ɗaya, amma su ne ke taɓa tushen ciwon.

An ga alamar cewa matsin lamba irin wannan na aiki. A ƙarshen 2024, Norvell ya amince ya mayar wa jami'ar dala miliyan 4.5 daga albashinsa, ya kuma miƙa zaɓen dabarun hari ga Gus Malzahn, tsohon kocin Auburn. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kiran sunan ɗan benci ya haifar.

Kakar 2025 ta ƙara tabbatar da batun. An kawo sabon madugu, Thomas Castellanos, wanda shi ne ya jagoranci Boston College a daren da aka yi ihun, wanda kuma ita ma ta zaunar da shi kafin ƙarshen waccan kakar. A wasansa na farko ya kai su ga doke Alabama da ci 31 da 17, gari ya ɗauka an samu magani. Da aka rufe kaka, nasara 5 ce, shan kashi 7.

Cikin shekara biyu, Florida State ta gwada madugai huɗu, ta ci wasa 7 cikin 24. Idan har yanzu muhawarar magoya bayanta a kan wa zai zama na biyar take, to waɗanda suka zaɓo huɗun farko za su ci gaba da barci da minshari.